Garkuwar fuska a wasan sofbol

Garkuwar fuska a wasan sofbol wani ɗan keji ne mara nauyi, na ƙarfe ko na roba mai tauri, da 'yar wasa take ɗaurawa a fuskarta lokacin da ƙungiyarta ke tsaron fili, domin kare idanu da hanci da haƙora da ƙasusuwan fuska daga ƙwallon da aka bugo. Waɗanda suka fi sa ta su ne masu jifa da masu tsaron cikin fili, musamman na zango na ɗaya da na uku, a gasannin yara da na makarantun sakandare a ƙasar Amurka, inda akasarin masu buga sofbol mai saurin jifa 'yan mata ne. Ta bambanta da hular kwanon mai bugu da kuma garkuwar mai cafewa, waɗanda dokokin wasan suka daɗe da wajabtawa. Ita garkuwar masu tsaron fili, a yawancin gasanni zaɓi ce: wadda ta ga dama ta sa, wadda ba ta ga dama ba ta bari.

Wasan da filinsa

Sofbol ɗan'uwan besbol ne. An fara buga shi a birnin Chicago a shekarar 1887, a cikin ɗaki, bisa dabarar wani mutum mai suna George Hancock, sunan da aka san shi da shi a yau kuma ya samu ne a 1926. A nau'in mai saurin jifa kowace ƙungiya tana da 'yan wasa tara. Fili yana da zango huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i, na huɗun shi ake kira gida, kuma a nan mai bugu take tsayawa da sandarta. Mai jifa tana tsakiyar fili cikin wani da'ira. Takan wulwula hannunta zagaye guda, ta saki ƙwallon ta ƙasa, daidai cinyarta. Idan mai bugu ta same shi sai ta ruga daga zango zuwa zango, masu tsaro kuma su yi ƙoƙarin cafe ƙwallon ko su riga ta isar da shi zangon da ta nufa.

Ma'anar sunan wasan a Turanci ita ce ƙwallo mai laushi, amma suna ne kawai. Cikin ƙwallon curi ne na roba mai tauri da ake kira foliyuretan, an lulluɓe shi da fata an ɗinke. Kewayensa ya kai kimanin santimita 30.5, nauyinsa kuma tsakanin giram 177 da 198, wato ya fi na besbol girma da nauyi, domin na besbol bai wuce giram 149 ba. Yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa suna amfani da ƙarami, mai kewayen kimanin santimita 28.

Abin da ya fi ƙwallon muhimmanci a wannan batu shi ne ƙanƙantar filin. Tsakanin zango da zango mita 18.29 ne, alhali a besbol na manya mita 27.43 ne. Daga wurin da mai jifa take tsayawa zuwa gida mita 13.11 ne a sakandare da jami'a da gasannin mata na duniya, a besbol kuwa mita 18.44. A gasannin yara tazarar tana ƙara raguwa: mita 12.19 ga 'yan shekara goma sha biyu zuwa ƙasa, mita 10.67 ga 'yan shekara goma zuwa ƙasa.

Lissafin lokaci

Tazarar da aka rubuta a littafin doka ba ita ce ainihin tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu ba a lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo. Mai jifa tana tunkuɗa jikinta gaba da dogon taku kafin ta saki ƙwallon, don haka takan ƙare jifanta kusan mita biyu gaba da inda ta fara. A daidai wannan lokaci nauyinta yana kan ƙafa ɗaya, hannun da ta yi jifa da shi bai gama dawowa ba, safar hannunta kuma sau da yawa tana ƙasa, kusa da ƙugu.

Ana iya ganin girman matsalar da ɗan lissafi. Ƙwallon da ya tashi daga sanda da gudun kilomita 110 a awa yana cin kimanin mita 30 da rabi a kowane sakan. Idan mai jifa tana mita 11 daga mai bugu, zai iso gare ta cikin kimanin sakan 0.36. Mutum mai lafiya, wanda ya zuba ido yana jiran alama guda, yana buƙatar wajen sakan 0.2 zuwa 0.25 kafin ma jikinsa ya fara motsi. Abin da ya rage, wanda bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan ba, a cikinsa ne za ta gane inda ƙwallon ya dosa, ta ɗaga safar hannu daga ƙugu zuwa fuska, ko ta kauce. Ƙwararriya takan yi hakan sau da yawa. Ba ta yin sa kullum.

Ga ƙananan yara ƙwallon bai kai wannan gudu ba, amma kusancin ya cinye rangwamen. Yarinya 'yar shekara goma da ta ƙare jifanta a mita 9 daga mai bugu, ƙwallon da ya taso da gudun kilomita 80 a awa zai same ta cikin kimanin sakan 0.4. Ga shi ba ta gama koyon karanta ƙwallo ba, ga shi kuma a rukunin shekaru ɗaya akan sami yarinyar da ta riga tsararrakinta girma da ƙarfi nesa ba kusa ba, tana buga wa wadda ko kafaɗarta ba ta kai ba.

Masu tsaron zango na ɗaya da na uku suna cikin irin wannan hali, wani lokaci ma fiye. A sofbol akwai dabarar tare ƙwallo da sanda a hankali don ya faɗi nan kusa, akwai kuma salon da mai bugu ta ɓangaren hagu take fara gudu tun kafin ta taɓa ƙwallon, ta ɗan mare shi ya gangara. Don maganin waɗannan, koci yakan sa masu tsaron kusurwoyin biyu su matso sosai, har su zo kusan rabin hanya zuwa gida. Mai bugu mai wayo sai ta nuna kamar za ta tare, in sun rugo ta janye sandar ta narka wa ƙwallon duka. Wadda ke gudu zuwa gaba, kanta a sunkuye, ita ce ta fi kowa rashin damar kaucewa. Ban da wannan, cikin filin sofbol ƙasa ce tsurarta ba ciyawa, kuma ƙwallon da ke gangarowa yana iya cin karo da tsakuwa ko sawun takalmi ya yi tsallen bazata zuwa fuska.

Sandunan ma sun canza. An bar na katako an koma na alminiyam, daga baya aka shiga yin na zaren kabon da aka haɗa da gam, waɗanda ba su da nauyi kuma suna wurga ƙwallo da ƙarfi. A 2004 hukumar sofbol ta Amurka, wadda a lokacin ake kira ASA kafin ta koma USA Softball a 2017, ta kafa ƙa'idar cewa a gwajin ɗakin bincike kada gudun ƙwallon da sanda ta buga ya wuce mil 98 a awa, kimanin kilomita 158.

Irin raunukan da ake samu

Ƙasusuwan tsakiyar fuska ba su da kauri. Karan hanci shi ne ya fi saurin karyewa. Ƙashin da ke ƙarƙashin kwarmin ido siriri ne ƙwarai, kuma idan ƙwallo ya daki wurin yakan fashe zuwa ciki, har tsokar da ke juya ido ta maƙale a tsagar, mai raunin ta riƙa ganin abu biyu-biyu. Akwai karayar ƙashin kunci da ta muƙamuƙi, wadda wani lokaci sai an ɗaure baki da waya na makonni. Idon kansa yana iya tara jini a gabansa, ko tantanin gani da ke bayansa ya yage, abin da kan kai ga rasa gani idan ba a yi aiki da wuri ba. Haƙorin dindindin da ya fita ba ya sake tsirowa, kuma a shekarun da yara suke fara jifa haƙoransu na gaba ba su daɗe da fitowa ba.

Irin wannan bugu ba ya faruwa kullum. Raunukan da suka fi yawa a sofbol su ne na kafaɗa da gwiwa da idon sawu da yatsu. Abin da ya sa na fuska ya ɗauki hankali shi ne sau ɗaya ya isa ya bar tabon da za a rayu da shi.

Ƙira da kayan da ake yi da su

Garkuwar tana da sassa uku. Na farko shi ne kejin, wanda ya taso daga goshi ya sauko har ƙarƙashin haɓa, da taga a daidai idanu wadda faɗinta bai isa ƙwallo ya shige ba. Na biyu soso ne da aka manna a goshi da haɓa, wani lokaci har da kumatu. Na uku maɗauri ne mai talewa da ke zagaye bayan kai, galibi da tsaga a tsakiya don a fitar da gashin da aka tufke. Aikinta shi ne ta tsayar da ƙwallon nesa da fata, ta kwashe ƙarfin dukan daga hanci da ido da baki, ta raba shi a kan goshi da haɓa, inda ƙashi ya fi ƙwari, sannan soson ya shanye wani sashe.

Mafi yawa na ƙarfe ne, domin ƙarfe yana da araha kuma sirarrun sandunansa ba sa tare gani sosai. Akwai na titaniyam da na magnesiyam, waɗanda suka fi sauƙin ɗauka amma sun fi tsada. Akwai kuma na robar folikabonet mai haske, irin wadda kamfanin Markwort yake sayarwa da sunan Game Face. Ta robar ba ta tsatsa, sai dai sandunanta sun fi kauri, kuma rana da daɗewa suna rage mata ƙwari. Cikin kamfanonin da aka sani da wannan sana'a akwai RIP-IT da Schutt da Rawlings da Champro. Wasu sukan shafa wa cikin kejin baƙin fenti don kada hasken rana ya riƙa ƙyalli a idon mai sa shi.

Tarihi

Kare fuska a wasannin sanda da ƙwallo ya fara ne da mai cafewa, wanda yake durƙusawa a bayan mai bugu. A 1877 Fred Thayer, kyaftin ɗin ƙungiyar besbol ta Jami'ar Harvard, ya ƙera garkuwa bisa samfurin wadda masu wasan takobi suke sawa, abokin wasansa James Tyng ya fara sa ta. An yi masa dariya, aka kira shi matsoraci, kafin 'yan shekaru kowane mai cafewa ya nemi tasa. Hular kwanon mai bugu ta fi haka jinkiri. Ray Chapman ya mutu a 1920 bayan ƙwallon da aka jefo ya same shi a kai, amma sai a 1971 babbar gasar besbol ta Amurka ta tilasta wa sababbin 'yan wasa sa hular kwano. Masu jifa kuwa an bar su fuska a waje, duk da abin da ya sami Herb Score a watan Mayun 1957, lokacin da ƙwallon da aka bugo ya dake shi a ido.

Sofbol na 'yan mata ya bunƙasa bayan dokar Amurka ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Ƙungiyar Little League ta buɗe sashen sofbol a 1974, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar ƙasa ta mata a 1982, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Da yara suka yawaita, horo ya ƙaru, sanduna suka inganta, sai garkuwar masu tsaron fili ta fara bayyana a shekarun 2000, tun daga gasannin ƙanana. Iyaye ne suka fara saya wa 'ya'yansu, ba wata hukuma ce ta ce a saya ba.

Dokoki

A Amurka babu hukuma guda da ke mulkin sofbol na yara gaba ɗaya, shi ya sa dokar ta zama kowane gari da tasa. Tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta ƙasa, NFHS, ita ke rubuta dokokin da yawancin jihohi suke bi. Tun 2006 ta wajabta cewa hular kwanon mai bugu ta kasance da kejin fuska. Ga masu tsaron fili kuwa ta halatta garkuwa ba tare da ta tilasta ba, da sharaɗin kada ta kasance mai ƙyalli. Ita ce kuma ta mayar da wurin jifa baya daga mita 12.19 zuwa 13.11 daga zangon karatu na 2010 zuwa 2011. Wannan ya ƙara wa mai jifa ɗan lokaci, amma ya ƙara wa mai bugu ma, don haka ƙwallayen da ake samun bugawa da kyau suka ƙaru.

A watan Yulin 2017 hukumar wasannin sakandare ta jihar Kentucky ta yanke cewa daga kakar 2018 dole mai jifa da masu tsaron zango na ɗaya da na uku su sa kariyar fuska. Ita ce jiha ta farko da ta yi haka. Ƙungiyoyin unguwanni da dama da masu shirya gasannin yara suna da irin wannan ƙa'ida tasu, galibi a kan mai jifa, wasu kuma a kan duk wadda ke cikin fili. A jami'o'i da gasannin duniya zaɓi ce.

Akwai kuma batun gwaji. Hukumar NOCSAE, wadda aka kafa a 1970, ita ke fitar da mizanin da ake auna ƙarfin kayan kariya na wasanni da shi a Amurka, kuma hular kwanon mai bugu da ta mai cafewa sai da tambarinta ake shiga gasa da su. Yawancin garkuwoyin masu tsaron fili da ke kasuwa ba su ɗauke da wannan tambari, don haka mai saye ya dogara ne da gwajin da kamfanin ya ce ya yi.

Muhawara

Masu ƙin garkuwar suna da hujjoji uku da suke yawan kawowa. Suna cewa sandunan ƙasa suna tare ganin ƙwallon da ke gangarowa dab da ƙafa. Suna cewa tana sa zafi da gumi, domin ana buga wasan ne a lokacin zafi, wani lokaci wasa uku ko huɗu a rana ɗaya. Suna kuma cewa yarinyar da ta dogara da keji ba za ta koyi tsayuwa mai kyau da saurin ɗaga safar hannu ba. Na farko da na biyu gaskiya ne gwargwado, sabo kuma yana rage su. Na ukun bai da ƙarfi: masu horar da ƙanana da yawa sun lura cewa yarinyar da ba ta tsoron fashewar baki ta fi tsayawa gaban ƙwallo ta zuba masa ido, maimakon ta kau da kai ta miƙa hannu tana fatan sa'a.

Hujjar da ta fi tasiri ba a rubuta ta a ko'ina ba. Shekaru da yawa magana tana yawo tsakanin iyaye cewa masu zaɓen 'yan wasa na jami'o'i ba sa ɗaukar wadda ke sa garkuwa, wai alama ce ta tsoro. A ƙasar da ƙwarewa a wasa take iya sama wa yarinya karatun jami'a kyauta, wannan ba ƙaramar barazana ba ce, kuma ta sa 'yan mata da dama sun ajiye garkuwarsu daidai shekarun da ƙwallon ya fi gudu. Abin da ya karya lagon maganar shi ne ganin manyan 'yan wasa da ita a talabijin. Kelly Barnhill ta Jami'ar Florida, wadda aka zaɓa gwarzuwar 'yan wasan jami'o'i ta 2017, da garkuwa take jifa a lokacin. Paige Lowary, wadda ƙwallo ya daka a fuska a 2016 tana buga wa Jami'ar Missouri, ta koma fili da garkuwa, ta kuma ci kofin ƙasa tare da Jami'ar Oklahoma a 2017. Yanzu 'yan matan da suka taso da ita tun suna shekara takwas su ne suka cika ƙungiyoyin jami'o'i, kuma ganin mai jifa da keji a fuska ya daina zama abin kallo.

A besbol na yara maza, inda hatsarin yake iri ɗaya ko da tazarar ta fi, garkuwar ba ta karɓu haka ba, kuma dalilin ya fi kama da al'ada fiye da lissafi.

Abin da ba ta karewa

Garkuwar fuska ba hular kwano ba ce. Ba ta rufe gefen kai da ke saman kunne, inda ƙashin kai ya fi siranta, ba ta rufe ƙeya ko maƙogwaro. Ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa, domin ko ƙwallon bai taɓa fata ba, kai yana fizga, ƙwaƙwalwa kuma tana bugun cikin ƙoƙon kai. Duk 'yar wasan da ƙwallo ya daka a garkuwa ta ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko ta rikice, fitar da ita ake yi daga wasa har likita ya duba ta, ko da babu ɗigon jini. Ƙirji ma yana waje. Bugun ƙwallo a daidai zuciya yana iya rikita bugawarta nan take, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa, shi ya sa wasu masu jifa suke haɗawa da rigar ciki mai matashin ƙirji. Likitocin haƙori kuma suna ba da shawarar a sa robar kare haƙora tare da garkuwar, saboda dukan da ya sauka a haɓa yana haɗa haƙoran sama da na ƙasa da ƙarfi.

Zaɓe da kulawa

Ana yin garkuwar a girman yara da na manya, kuma wadda ba ta dace da fuska ba rabin kariya ce. Ya kamata soson sama ya zauna a goshi, ɗan sama da gira, haɓa ta shige gurbinta, idanu su daidaita da tsakiyar tagar. Idan mai sa ta ta girgiza kai ko ta sunkuya ta ga tana zamewa, maɗaurin ya yi sako-sako ko kuma garkuwar ta yi mata girma. Babu wani sashe na kejin da ya kamata ya taɓa hanci. Mai sa tabarau ta gwada su tare kafin a biya kuɗi. Saya wa yarinya babba don ta girma a cikinta kuskure ne da iyaye suke yawan yi.

Masu horarwa suna son a riƙa sa ta tun a wurin atisaye, inda ake buga ƙwallaye fiye da na ranar gasa, kuma a nan ido yake sabawa da sandunan. Soson yana shan gumi, don haka akan cire shi a wanke da sabulu a shanya a inuwa, a sauya shi idan ya lotsa ko ya bushe ya fara farfashewa. Maɗauri yana saki da daɗewa. Kejin da ƙwallo ya lanƙwasa, ko wanda waldarsa ta tsage, ko na roba da ya nuna tsaga komai ƙanƙantarta, ba a miƙe shi a ci gaba da amfani da shi, sabo ake saya.